Shekarar da Aka Raba Injin Aski a Unguwarmu

Wautar da na tafka a waccan shekarar ita ce na ba da aron kaina saboda lemon kwalba ɗaya da fanke. Ba wanda ya tilasta ni, da ƙafata na je. Yayana ne zai yi jarrabawar kammala koyon aski a wani ajin firamare, aka ce kowane ɗalibi ya zo da kan da zai gwada hannunsa a kai. Ni kuwa ina da kai, babba ma, wanda a makaranta ake cewa yana riga ni shiga aji. Na zauna a kan benci ina hura hanci, Yaya ya fara daga gefen dama, ya share shi tas har tsakiya. Yana ɗaga inji zai tsallaka hagu aka ɗauke wuta. Muka jira har la'asar ba a dawo da ita ba. Haka na koma gida, rabin kaina kamar filin ƙwallo, rabi kamar gonar da aka manta da ita, yaran unguwa na raka ni da waƙa har ƙofa. Akuyar maƙwabta da ta saba cin ɓawon doya a hannuna ta dube ni sau ɗaya ta juya. Lemon ma da zafinsa aka ba ni.

Da yamma Baba ya ƙarasa aikin da reza a tsakar gida, yana yi yana dariya har hannunsa na rawa, ni kuma ina salati. Umma ce kaɗai ba ta yi dariya ba. Ita in dai Yaya zai samu takardar nan, ko kaina za a cire gaba ɗaya a kai wa masu jarrabawa a faranti ba za ta ce uffan ba. Kuma tana da dalilinta.

Yaya shi ne ɗan fari a gidanmu, ni ne auta, matan da ke tsakaninmu duk suna gidajen mazajensu. Ya yi difloma a fannin haɗa wutar lantarki. Takardunsa sun sha yawo a Abuja cikin wata baƙar leda, har masu gadin ofisoshi suka san ledar, suna gaishe ta kafin su gaishe shi. Da ya gaji sai ya bi sahun sauran samarin Suleja: a tashi da asuba a tsaya bakin titi, motar ɗan kwangila ta zo ta ɗebi iya waɗanda take so ta kai su wurin gini. Lebura ya zama, yana ɗaukar kwanon kankare a ka yana hawa tsanin gora da ake ɗaurawa a jikin bene. Wata rana gorar ta karye da shi. Babu hular kwano, babu igiya, babu wata takarda da ta nuna ya taɓa yi wa kowa aiki. Aka sako shi a tasi aka kawo mana shi ƙafa na lilo. Ɗan kwangilar ya aiko da gaisuwa da ledar ayaba, daga nan lambarsa ta daina shiga.

Wani maɗori a Chaza, ƙauyen su Baba, shi ya ɗora ƙafar. Ta kama, amma har yau Yaya na ɗingishi idan ya gaji. Umma ba ta faɗin sunansa, kunyar ɗan fari, ko kallonsa sosai ba ta yi a gaban mutane. Amma ranar da ya fara takawa ba sanda ta tsaya a bakin madafa, ta kalli bango, ta ce muddin tana numfashi yaron nan ba zai sake hawa ginin kowa ba. Yaya ya ce ya ji, in dai ya samu abin yi a ƙasa. In bai samu ba kuwa, ba zai zauna Baba na noma da furfura yana ciyar da ƙato ba. Kowa a gidan ya ji sharaɗin, kuma kowa ya san Yaya ba ya maimaita magana.

Ana cikin haka sai ga shirin samar wa matasa aikin yi ya iso mazaɓarmu ta Bagama. Aka kafa rumfuna, aka jera kujerun roba, aka kawo lasifikar da ke sa haƙoran mutum rawa. Na sulale daga makaranta na je, saboda an ce za a raba shinkafa. Babban baƙon ya tashi cikin rigar da za ta iya rufe ajinmu gaba ɗaya. Ya ce ƙasashen duniya sun daɗe da zama suka amince cewa haƙƙi ne a kan kowace gwamnati ta tsara yadda duk mai neman aiki zai samu, aikin ya zama mai amfani wanda zai raba mutum da talauci, sannan mutum ya zaɓe shi da kansa. Wannan “da kansa” ɗin ya yi ta maimaita shi har na haddace. Yaya na zaune a gabana, na ga wuyansa ya miƙe. Tun a gida ya gama yanke shawara: haɗa sola zai koya, tunda ya san waya kuma rabin garin a duhu yake kwana.

Da aka gama tafi aka ce a yi layi a gaban tebur. Matar da ke teburin ba ta ko ɗago kai ba ta ce maza aski, mata ɗinki. Yaya ya yi mata bayanin diflomarsa a hankali, ya ce shi sola yake so. Ta nuna masa kwalayen da ke jibge a bayanta, ta ce an riga an sayo kaya.

“To Hajiya, ina zaɓin da aka ce?”

“Ga shi nan,” in ji ta. “Akwai jan inji, akwai baƙi.”

Ya zaɓi baƙi. Ni kuma shinkafar ma ban samu ba.

Wanda aka ɗauka ya koyar da su shi ne Oga, mai shagon aski na bakin layinmu. Mutumin kudu ne, Kirista, ya zo Suleja tun kafin a haife ni, yana haya a bayan masallaci da matarsa mai sayar da garin kwaki. Hausarsa ta ishe shi ciniki da faɗa, sai dai har yau “ka” yake ce wa Umma. Duk namijin unguwar, daga liman har ɗan acaɓa, a kujerarsa yake zama, domin shi kaɗai ke da janareta. Da aka ba shi aikin koyarwa har sabuwar riga ya ɗinka. Ya riƙa tara samari a shagon da bai fi akurkin kaji girma ba yana nuna musu yadda ake riƙe inji, su kuma suna zuwa gida suna gwadawa a kan ƙannensu. A watannin nan babu yaro ɗaya a Bagama mai kai irin na mutane.

Ranar yaye su aka sake kafa rumfuna. Kowa ya samu inji da mataji da buroshi da madubi da farin ƙyalle, har da riga mai rubutu a baya. Aka ce su ɗaga injinan sama su yi murmushi a ɗauki hoto. Aka kuma yi alkawarin kashi na biyu na nan tafe, wato rancen sayen janareta. Umma ta karɓi satifiket ɗin da hannu biyu, ranar har kaza aka yanka mana.

Baba ya ba da zauren gidanmu. Aka shafe shi da farin fenti, Umma ta fito da kujerar da ba a zama a kai sai an yi baƙo, ni kuma aka ba ni aikin zana allo. Na zana kawuna da salon aski iri-iri, na zuba duk basirata, har wata tsohuwa ta tsaya ta tambaye ni nawa muke sayar da kabewa.

Sai da muka buɗe muka leƙa waje muka ga abin da ke faruwa. Zauren da ke kallonmu an shafa masa farin fenti. Na kusa da shi ma haka. Wanda ba shi da zaure ya ajiye kujera a gindin bishiya ya jawo waya ta kan katanga. A lokacin in ka yi tuntuɓe a layinmu, a kan kujerar mai aski za ka faɗi, kafin ka tashi an ɗaura maka ƙyalle a wuya. Duk da safe za ka gan su zaune a ƙofar gidajensu cikin riga iri ɗaya, kowa na goge madubinsa, suna yi wa juna barka da kasuwa.

Matsalar farko wuta ce. Injinan da aka raba sai an jona su suke aiki, wutar unguwarmu kuwa kamar baƙuwa take, ta leƙo ta gaisa ta wuce. In mutum ya zo aski babu ita. In ta zo babu mutum. Da zarar an kawo ta yara sun kwashe da ihu, sai ka ji layin ya ɗauki ƙugi gaba ɗaya, kowa ya kunna injinsa yana leƙen hanya ko Allah zai jefo wani. Ni da idona na ga biyu daga cikinsu, da suka gaji da jira, sun zauna suna yi wa juna aski.

Amma wuta ba ita ce ta kashe mu ba. A wurinmu, in ɗan ɗan'uwanka ya buɗe shagon aski ka ɗauki kanka ka kai wa wani, ka ci fuskar gidan gaba ɗaya, za a yi ta maganar har a wurin suna. In kuma ka zo wurinsa, shi ba shi da bakin da zai ce ka biya. Ko ka sa hannu a aljihu dole ya riƙe hannun ya ce haba, kai kuma dole ka fasa. To yanzu ga shi kowane gida ya samu nasa mai askin. Ya zama duk wani kai a unguwar yana da mai shi, kuma duk mai aski yana da kawunan da ba sa biya. Baba da ya yi shekaru yana biyan Oga, yanzu kyauta yake yi. Mazajen yayyena mata, waɗanda a da sai gashi ya rufe musu kunne suke tunawa da aski, suka koma zuwa duk Juma'a, a gyara nan a daidaita can. Yaya bai taɓa rasa aiki ba in akwai wuta. Abin da ake samu da aikin ne babu.

Ma'aikatan Abuja da ke haya a garin, waɗanda ba su da dangi a nan, su ne masu biya. Amma su da duhu suke fita, da duhu suke dawowa, kuma a can kusa da ofisoshinsu suke askinsu.

Umma kullum da la'asar sai ta aike ni zaure da kunu, in na dawo ta tambaye ni, tana tankaɗe kamar ba ta damu ba, ko yau an samu mutane. Nakan ce an samu, har layi ake yi. Ba ƙarya na yi ba, ban dai faɗi ko su waye ba.

Na ga in ban tashi tsaye ba abin zai lalace, sai na shiga dabara. A makarantarmu akwai malamin horo da ke yawo da almakashi a aljihu, duk wanda ya tara gashi sai ya yi masa hanya a tsakiyar kai. Na je na same shi da fuskar yaron kirki, na ce Malam tarbiyya na lalacewa, na ba shi labarin duk masu ɓoye suma a ƙarƙashin hula, har da inda suke fakewa lokacin taron safe. Ranar almakashin nan bai huta ba. Da aka tashi na tsaya a bakin get ina yi wa kowa kwatancen zaurenmu. Suka gane ni ne na kai tsegumin. Dukan da na sha a bayan ɗakin gwaje-gwaje, da a ce ana sayar da duka da mun sayi janareta. Bayan sun gama da ni kuma kowa ya tafi wurin yayansa.

Yaro ɗaya ne ba shi da yaya mai aski, ɗan wani Ibo mai sayar da kayan gyaran babur. Shi na riƙo wa hannu tun daga makaranta, ina ɗingishi ina ba shi labarin ƙwarewar Yaya. Muna shiga layin, masu fararen zauruka suka miƙe a tare, wannan na kiransa aboki, wancan na cewa zai ƙara masa da turare. Yaron ya tsorata ya fizge ya ruga gida, uwarsa ta aske shi da almakashin ɗinki.

Na kuma gwada zuwa gindin dutsen Zuma wata Asabar, na tsaya bakin titi cikin masu sayar da masara da doya, riƙe da kwali ina ɗaga wa matafiya. Ban yi tunanin cewa babu mai tsayar da mota a tsakiyar tafiya ya bi yaro cikin gari don a rage masa gashi ba. Wani direban tirela ya karanta kwalin, ya cire hularsa ya nuna mini sanƙo mai ɗaukar ido, ya ce in gai da yayana.

Shi kuwa Yaya ofis ya riƙa komawa yana tambayar rancen janareta. Yau a ce mai sa hannu ya yi tafiya, gobe a ce ana jiran kuɗi daga sama. A ƙarshe wani ya ji tausayinsa ya gaya masa gaskiya, cewa an rufe shirin, an kuma kai rahoto cewa duk sun samu aikin yi. Bayan ɗan lokaci aka ji za a ɗauki matasa aikin gyaran fitilun titi, aikin waya, abin da ya karanta. Ya yi wanka ya ɗauko baƙar ledarsa ya tafi. Aka duba aka ce masa wannan na marasa aiki ne, shi kuwa ya riga ya amfana, a wurinsu mai sana'a ne. Ya dawo ya zauna a kujerar askin da kansa, ya juya wa madubi baya. Na shigo da wani labarin ban dariya da na tanada tun a makaranta, na dube shi, na haɗiye abina.

Da azumi ya zo ƙarshe sai ya yanke shawarar gwaji na ƙarshe. Jajibirin Sallah ita ce ranar masu aski, ranar ko mai gashi uku sai ya zo a daidaita masa su. Taransifomar unguwar kuma ta lalace tun tsakiyar azumi, saboda haka duk wanda ke da janareta ranar shi ne sarki. Yaya ya samo aron wani ƙarami a wurin abokinsa mai cajin waya. Man fetur ya yi tsadar da sai an yi shawara ake sayen galan, Umma ta kwance adashenta ta ba ni ta ce in kai wa yaron nan. Ya karɓa. Da zan fita ya ce mini, in ranar nan ba ta fitar da kuɗin janaretan kansa ba, ko da na hannu ne, to ya san abin da zai yi. Na san abin da yake nufi, kuma na san Umma na jin mu ta taga.

Da sassafe muka ja igiya, janareta ya tashi da ƙara kamar ana yanka shi. A duk layin mu biyu ne kawai ke da wuta, mu da Oga. Sauran suka zauna a ƙofa suna kallonmu. Ina cikin share zaure ina waƙa sai ga a-kori-kura ta tsaya a ƙofar gida. Baffa ne, yayan Baba, daga Chaza. Ya ji labarin ɗansa ya samu janareta, sai ya kwaso 'ya'yansa da jikokinsa da surukai da 'ya'yan maƙwabta. Suna ta dirowa daga motar nan kamar ba za su ƙare ba, ina jin ko mutum ɗaya ba a bari a ƙauyen ba sai kaji. Baffa ya ce ai ba zai yiwu suna da nasu su kai kansu wurin bare ranar Sallah ba. Baba ya fito ya shimfiɗa musu tabarma a ƙofar zaure, su biyun suka zauna suna hira. Yaya ya durƙusa ya gaida Baffa, ya ɗaura masa ƙyalle.

Can hantsi sai ga waɗanda muke jira. Ma'aikatan Abuja an ba su hutu, sun jiyo ƙarar janareta, shagon Oga kuma ya cika har waje. Suka fara zuwa ɗaya bayan ɗaya da takalma masu sheƙi, wani ma riƙe da 'ya'yansa biyu. Suka tsaya suna kallon yaran ƙauye jere a kan tabarma. Na matsa kusa da Yaya na raɗa masa ya fara sallamar masu biya, dangi ai ba inda za su je. Ya ɗago ya dubi ƙofa, inda Baba da Baffa ke zaune, ya mayar da kansa kan aikinsa.

Mai 'ya'ya biyun ya leƙo ya ce, “Maigida, abeg, sauri nake. Zan biya ninki.”

“Yi haƙuri, yallaɓai,” in ji Yaya. “'Ya'yan baffana ne, sun riga ka zuwa, kuma daga nesa suke.”

Na ga abin zai wuce mu ina kallo. Na zagaya na gaya wa yaran ƙauyen cewa ana raba kayan Sallah kyauta a bakin kasuwa, wanda ya makara ya rasa. Har sun fara miƙewa, Baffa ya miƙo hannu daga inda yake zaune ya kama kunnena, ya ce auta har yanzu ba ka daina ba, ya zaunar da ni a gefensa. A nan na zauna, kunnena a hannun dattijo, ina kallon masu takalma na duba agogo suna tafiya. Wasu sun yi haƙuri har azahar. Baba na ganinsu, na ga yana murza carbinsa da sauri, amma shi ma ba zai iya ce wa yayansa ya kwashe yaransa ba. Ni na san Baffa ba mugunta ya zo yi ba. A ganinsa karamci ya yi mana, har kuɗin mota ya kashe.

Man ya ƙare ana saura yara biyu. Yaya ya ƙarasa su da almakashi da reza. Tun safe yake tsaye da azumi a bakinsa, ƙafar ta kumbura har ya cire takalmi. Baffa ya sa aka sauke mana doya da zabi biyu, ya dafa kan Yaya ya ce ya fitar da su kunya, ya yi ta sa masa albarka har motar ta tashi. Baƙo ko ɗaya bai zauna a kujerar nan ba ranar. Na share gashin da ya kai a cika katifa.

Bayan Sallah da 'yan kwanaki Oga ya kwashe kayansa. Cinikin rana ɗaya bai isa ya biya masa hayar shekara ba, mutanen da ya yi wa aski tun suna yara kuma duk sun koma wurin 'yan'uwansu. Ya sallami yaron shagonsa, ya ɗaure kujera da madubi a kan mota, zai koma wata unguwa kusa da Abuja. Ya tsaya a ƙofarmu yin sallama, ya riƙe hannun Yaya ya ce da hannunsa ya koya musu, ga shi sun kore shi, su ma kuma ba su ci ba. Ba da faɗa ya faɗa ba, har dariya ya yi. Matarsa ta ba Umma ragowar garin kwakinta.

Washegari da hantsi Yaya na zaune a bakin rijiya yana wanke tsohon takalmin robarsa na aiki, Umma na bakin murhu ta ba shi baya, ni ina tsakiya ina cin ɗumame. Ya ce mini in gaya wa Umma wani fomanin gini ya kira shi, suna neman hannu. Tsakaninsu bai fi tsawon tabarya biyu ba, amma haka na juya na faɗa mata.

“Ka ce masa ƙafar ba ta warke ba.”

Na juya na ce masa.

“Ka ce mata na sani.”

Na juya, sai na ƙara da nawa, na ce wai ya ce aikin a ƙasa ne, yashi kawai zai riƙa tankaɗewa. Yaya ya ce in daina ƙarya, bene ne. Umma ta ce in tambaye shi ko akwai wanda ya ce masa ya gaji da ciyar da shi a gidan nan. Ya ce babu. Ta ce in ce masa ya ƙara haƙuri, wataƙila a dawo da maganar rancen. Ya ce in tambaye ta adashe nawa ya rage mata. Wannan ban isar ba, don ta ji da kunnenta. Na jira ta ba ni abin da zan mayar masa. Ta gyara itace, ta hura wuta, ta sake gyarawa duk da wutar na ci. Baba na ɗaki yana jin komai, bai fito ba.

Can ta ce, ba tare da ta juyo ba, “Ka ce masa ya riƙa duba gorar kafin ya taka.”

Ranar Litinin ya koma bakin titi da asuba, motar ɗan kwangila ta ɗauke shi. Injin ya sayar wa wani mai kayan gwanjo a kasuwa, Baba ya mayar da buhunan dawarsa zaure. Har yanzu Yaya lebura ne a Abuja, ginin da suke yi ya kai hawa na biyar, kuma a can yake kwana sai ranar Asabar yake zuwa gida.